Goshin Darhan a Bayan Gilashi

"Ƙara buɗewa, Apa. Fito da harshen."

"Jiya kin leƙa, yau ma kin leƙa. Raƙumin sayarwa ma sau ɗaya ake duba haƙoransa, 'yar nan."

Likita Zoya ta yi dariya a bayan takunkuminta, ta haska 'yar tocila cikin maƙogwaron tsohuwar. "Ai raƙumi ba shi da ɗan da zai tashi sama jibi. To, rufe. Ba zazzaɓi, gwajin jiya kuma ya fito lafiya lau. Kin fi ni ƙoshin lafiya, wallahi."

Kulyash, wadda kowa ke kira Apa, wato uwa a harshensu, ta rufe baki, ta haɗiye yawu a hankali. Nan ta sake jin abin: wani ɗan ƙaiƙayi can ƙasan maƙogwaro, kamar ƙaiƙayin hatsi ya maƙale. Da shi ta farka yau da safe. Tocila ba ta kai nan ba.

Tun da aka killace ɗanta Darhan da abokan tafiyarsa biyu a wannan masauki na Baikonur, inda ake harba kumbo zuwa sararin samaniya, ba mai zuwa kusa da su sai wanda likitoci suka tantance. Sauran dangi ta bayan gilashi suke gaisawa, su ɗaga hannu, su yi kuka, su koma. Amma gilashi ba ya ba Kulyash komai. Yanar ido ta rufe mata gani shekaru uku ke nan, duniya ta koma mata kamar madarar da aka tsinka da ruwa. Jiya da aka tsayar da ita gaban gilashin, inuwoyi uku masu shuɗin kaya ta gani, har ta yi ta sa wa wani Bajamushe albarka tana ce masa ɗan raƙumina.

Ita da hanci ta san ɗanta. Kamar kowace uwa a ƙauyensu, ba ta sumbatar yaro. Kansa take jawowa ta shaƙi goshinsa. Haka ta yi ranar da ya fara makaranta, haka ta yi da zai tafi soja, haka ta yi da zai tafi koyon tuƙin jirgi, yana sunkuyowa yana cewa, "Apa, mutane suna kallo fa." Ƙanshin bai taɓa sauyawa ba. Ƙarƙashin sabulu da man jirgi da shekaru arba'in, jaririn nan yana nan, mai ɗumi kamar gurasar da aka ciro daga tanderu. Shaƙa ɗaya takan ishe ta jira, komai nisan tafiya.

Shi ya sa ta matsa wa Zoya da roƙo, har likitar ta kai maganar gaban manyanta, ta dawo da izini: za ta shiga da riga da takunkumi, ta sauke takunkumin na numfashi ɗaya tak.

"Ɗaya fa, Apa," in ji Zoya tana ɗaura mata rigar ta baya. "Na san ku. A ba ku kofi, ku ɗauke tukunyar shayin."

Shayi. Nan take Kulyash ta tuna da shayin hanya.

An ce mata ta kiyayi jama'a a hanya, ta kuwa kiyaye. Ta lulluɓe fuska ta takure jikin taga a jirgin ƙasa. Sai wata dattijuwa da ke kujerar gaba ta kwance ƙunshinta, ta zuba shayi mai madara a 'yar tasarta, ta miƙo da hannu biyu. Matar tana ta tari tun daga garin Kizilorda. Amma wa ya taɓa mayar da hannun da ya miƙo shayi? Kuma matar ta girme ta. Ta karɓa, ta shanye, ta yi godiya, har ta ba ta labarin ɗanta.

Zoya ta riƙe gwiwar hannunta suka bi wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Kulyash na tafiya, maganganun Darhan na dawo mata, waɗanda ya yi yana dariya a kan teburinta bara. A can sama, in ji shi, garkuwar jiki ragwanci take yi. Majina ba ta san ƙasa ba balle ta sauko, sai ta taru a kai, mutum ya ji kamar an cusa masa auduga har cikin ido. Iskar da ɗaya ya fitar ita sauran ke shaƙa, ba taga, ba asibiti, sai akwatin magani da muryar likita daga ƙasa. "Kuma in na yi atishawa kafin tashi, Apa, akwai wanda ke zaune da jakarsa a ɗaure. Shi zai hau, ni in dawo in taya ki kiwon tumaki." Shekara goma sha ɗaya yana jiran wannan kujera.

Wataƙila sanyin safiya ne kawai, ta gaya wa kanta. Wataƙila ƙurar hanya. Numfashi ɗaya me zai ɗauka? Kuma wa ya ba ta tabbacin za ta kai bazara, lokacin dawowarsa? Tsararrakinta biyu aka binne a hunturun da ya wuce.

Suka tsaya. A dama ga gilashin, a gaba ga ƙofa. Wata inuwa mai shuɗin kaya da hula ta matso, murya ta fito ta lasifika.

"Apa! Yau ni ne, ba Bajamushen ba. Ya ce in gaishe ki, wai tun jiya yake jin ƙarfi."

"Marar kunya," ta ce. "Suna ba ka abinci kuwa?"

"Dafaffen komai, ba gishiri. Shigo mana, tun safe na wanke goshin, har da sabulu."

"Wa ya ce ka sa sabulu?"

Zoya ta sa hannu a kan mariƙin ƙofa. Taku huɗu ne, ko biyar. Kulyash ta ji hancinta ya buɗe da kansa, kamar ya riga ta shiga. A daidai nan tari ya taso mata. Ta danne shi da dukkan ƙarfinta, ta datse haƙora har hawaye suka cika takunkumin, ya koma. Ba wanda ya ji. Ƙofar ta fara buɗewa, wata iska mai ɗumi ta fito, ta rantse a ranta akwai ƙanshinsa a ciki.

Ta ja da baya.

"Apa?" in ji Zoya.

"Na sha shayi a tasar mai tari, a jirgi. Yau kuma maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Tocilarki ba ta da laifi, 'yata, can ƙasa yake."

Zoya ta mayar da ƙofar a hankali. Can Kulyash ta ga inuwar ta sunkuyo, ta ji wani ɗan sauti: goshi ya taɓa gilashi. Ta lalubo wurin da tafin hannu. Sanyi kawai ta ji, da santsi.

"Apa, a sake gwada ki gobe, ƙila..."

"Yi shiru, ɗan raƙumina." Ta juya wajen likitar. "Abu ba ya shiga, na gane. Amma yana fitowa?"

"Yana fitowa."

Kulyash ta gyara tsayuwa, ta ɗaga murya yadda lasifikar za ta ɗauka.

"To, ba zan shiga ba, yau ko gobe. Ki miƙo mini hular da ke kansa, ƙanshinsa na jikinta. Goshin kuwa, ya kawo mini shi da ƙafarsa in tumaki sun fara haihuwa, zan jira."