Malama Danna

Tun tana budurwa take koyar da Faransanci a makarantar, kuma ba ta taɓa bin littafi shafi-shafi ba. Da 'yan tsana take aiki, waɗanda ta ɗinka da ragowar yadi: uba mai tumbi, uwa mai mita, da kaka kurma wadda sai an maimaita mata kowace kalma da ƙarfi. Yaron da ke jin kunyar magana, idan ya riƙe kakar, sai bakinsa ya buɗe.

Sai aka kawo sabuwar shugabar sashe, wadda ɗalibarta ce a da. Ta dawo daga karatu a waje da na'ura mai lasifika, cike da darussa a muryar masu harshen.

"Anti, ba raini ba," in ji shugabar, "amma yadda kike furta kalmomi yana ɓata kunnen yara. Ni kaina sai da aka yi ta yi mini dariya a can kafin na kankare naki daga bakina."

"To me zan yi a ajin?"

"Ki danna. Idan ta gama, ki sake dannawa."

Ranar taron malamai shugabar ta kunna wata murya da ta ɗauka a ɓoye daga bakin taga. Malama ce tana kwaikwayon kaka kurma. Shugabar ta bi ta da muryar na'ura, ta sake dawo da ta Malama. Malamin lissafi ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Malama tana zaune tana kallon yatsunta.

Aka kwashe 'yan tsanan aka kai wa ƙananan yara 'yan ajin nazare. Cikin mako guda sun cire wa uban kai.

Labari ya kai aji. Yara suka sa mata suna Malama Danna. Idan ta buɗe baki za ta yi bayani, sai wani daga baya ya ce, "Malama, ba haka na'ura ta ce ba." Ta daina bayani. A gida ma, idan 'yarta ta kawo aikin Faransanci, sai ta ce kanta yana ciwo.

Ƙarshen shekara, a gaban iyaye, shugabar ta kira ta kan dandamali, ta miƙa mata kyautar malamar da ta fi kowa rungumar sabon tsari. Sannan ta tura mata makirufo tana murmushi.

"Anti, yi mana godiya da Faransanci mana."

Malama ta dubi layin gaba. Ɗalibanta sun riga sun toshe baki suna jira. Ta san jimlar, ta koyar da ita ga ɗaruruwan yara. Ta ce, "Na gode," da Hausa, ta sauka.

Shugabar ce ta fara tafi.