Sitiyarin Motar Mai Bulo

Da dutse suka fasa gilashin, domin ƙofar direba tana ƙasa, motar tana kwance a kanta. Bakaniken unguwar ne ya fara zura hannu, ya kamo maƙwabcinsa ta hammata, wasu mutum biyu suka taya shi ja. A-kori-kurar ta kife a kwanar layinsu, daidai bakin kwalbati, bulon da ta ɗauko ya watse har tsakiyar titi, ana tsakar hantsi.

Mai Bulo, kamar yadda kowa ke kiransa, ya fito ƙirjinsa a lotse, jini na bin gefen bakinsa. Bakaniken ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan maƙwabcin a cinyarsa. Shekara ashirin da biyu suna fita masallaci tare, suna dawowa tare.

"Maƙwabci," in ji Mai Bulo, yana jan numfashi da ƙyar, "na murɗa ta dama, ita kuwa ta ce hagu za ta. Ka ga mota da taurin kai kamar mai ita."

Bakaniken bai iya murmushi ba. Kwana tara da suka wuce shi ya ɗaga motar da hannunsa, ya sa mata ƙarafa a ƙarƙashin sifirin, saboda cikinta na gogar ƙasa a hanyar da ake kai bulo. Washegari Mai Bulo ya dawo yana cewa tana ja gefe, sitiyarin kuma ya karkace. Bakaniken ya san dalili sarai. Idan aka ɗaga mota, sandar da ke haɗa sitiyari da taya takan miƙe fiye da ƙima, sai an sauya ta, an kai motar wurin saitin ƙafa. Amma ranar motoci uku na jiransa, bayansa kuma na ciwo. Sai ya kwance noti, ya zare sitiyarin, ya mayar da shi a miƙe. Aikin minti goma. Mai Bulo ya zauna, ya ga abu ya daidaita a gabansa, ya sa masa albarka ya tafi.

Yanzu, daga inda bakaniken yake zaune, yana hango sandar, ta tsinke daga gindinta, tana lilo.

A nan ƙanen Mai Bulo ya iso a guje, ƙato ne mai aikin walda. Ya dubi yayansa, ya dubi tayar gaba da ta yage, sai ya tambayi wanda ya sa ta. Wani ya nuna mai faci, dattijo siriri da rumfarsa ke tsallaken titi, wanda ya zo taimako da bokitin ruwa. Ƙanen ya yi kansa. Ya kai masa naushi a fuska, bokitin ya faɗi, ya shaƙe shi ya buga kansa da jikin motar sau biyu. Mai facin yana rantsuwa cewa tayar sabuwa ce, ƙanen kuwa yana tattaka haƙarƙarinsa. Da mutane suka matso, ya ɗauki guntun bulo ya ce duk wanda ya taɓa shi zai bi bayan tsohon.

Bakaniken ya san tayar ta fashe ne bayan motar ta daki kwalbati. Ya kuma san ba wanda ya san haka sai shi. Idan ya yi shiru, gobe zai buɗe garejinsa kamar kullum. Ya ƙirga bugu huɗu bakinsa a rufe, kuma kowane ɗaya ya ji shi.

Ya tuɓe hularsa, ya sa ta a ƙarƙashin kan maƙwabcinsa, ya miƙe.

"Ƙanena, sake shi. Ba taya ba ce. Dubi sandar can. Ni na ɗaga motar, ni na ƙi gyara ƙafar, na juya masa sitiyari don ya ga kamar na gyara."

Ƙanen ya tsaya yana haki, yana kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Yaya, kai?"

"Ni."

Bulon ya sami bakaniken a muƙamuƙi. Ya ji haƙora sun karye, ƙasa ta taso ta tare shi. Bai kare kansa ba. Da ya dafa ƙasa zai tashi, takalmi ya sauka a kan yatsunsa na dama, ya ji ƙarar su ɗaya bayan ɗaya.

Muryar wata mai shago ce ta tsayar da dukan. A hankali ta ce su bari haka nan, Mai Bulo ya cika. Ba wanda ya ga lokacin. Duk idanu suna wani wuri, kuma ba hannun kowa a jikinsa.

Ƙanen ya saki bulon, ya durƙusa gaban yayansa. Aka ciro tamfol daga bayan motar aka lulluɓe gawar.

Bakaniken yana zaune a bakin kwalbati, hannun da ya karye a kan gwiwarsa. Can sai mai facin ya rarrafo, ido ɗaya a kumbure, yana jan bokitinsa. Ɗan ruwa ya rage a ƙasansa. Bai dubi bakaniken ba. Ya karkata bokitin, ya shiga zuba masa a kan yatsun kaɗan-kaɗan, ruwan yana gangarawa ja cikin kwata.