Gurbin Jitata

Ina gyaran fanka a shagona da ke unguwar Hindawiyya bayan La'asar, sai jikata Rumaisa ta shigo ta miƙo min waya.

"Ya jaddi, tsofaffin abokanka sun fitar da sabon faifai. Wallahi kamar rediyon da ya sha ruwa!"

Taurarin Mirriya ne, ƙungiyar da nake kaɗa wa jita kafin in zo Hajji in zauna, shekara arba'in ke nan. Ban taɓa aika musu ko wasiƙa ba, don tsoron kada in ji sun manta da ni, sun sa wani a gurbina.

Na kara wayar a kunne. Da tsohuwar na'ura suka ɗauka, shuuu ɗin kaset yana nan kamar yayyafi a kan kwano. Na lumshe ido, sai na ga matattun fankokina suna juyawa a hankali, Sabi'u mawaƙinmu yana tarin nan nasa kafin ya fara.

Inda jitata take shiga, ganga ta ci gaba ita kaɗai. Haka a waƙa ta biyu, haka a ta uku.

"Ka ji ko, tsoho? Duk ramuka ne."

"Ba rami ba ne, amarya. Wurina suka ajiye min."

Na ɗora ragar fanka a cinya, na fara jan wayoyinta da farce kamar tsirkiyar jita.

"Mayar da ita farko, ki ɗauki sautin. Sabi'u za mu aika wa."