Reshen Inabin Hosiyat

"Inna, ajiye shebur ɗin nan! Me likita ya ce miki?"

"Likita ya ce zan mutu. Bai ce in mutu a kwance ba."

Ta kan katanga nake jin su, ina zaune da littafi a cinyata. Maƙwabciyata ce Hosiyat, da ɗanta Davron. A nan garinmu Margilon, kowa yakan kwantar da kurangar inabinsa ya binne kafin sanyi, ya tone ta idan ƙanƙara ta narke. Bana Davron ya ce ba za a tone ba. Ya sayi mota, yana so ya sare kurangar ya malale tsakar gidan da siminti. Mutum ne da ya yi jami'a ya fito bai taɓa karanta komai ba sai farashin taya.

Da ya ga ba ta da niyyar ji, ya buga ƙofa ya tafi aiki. Sai ta kira jikokinta.

"Mohira, Sardor, ku zo mu tono dukiya!"

Na miƙe na leƙa. Ciwo ya cinye ta, rigarta kamar an rataye a ƙusa. Ta sara ƙasa sau biyu ta zauna tana haki. Yaran suka ci gaba da hannu da cokalin miya. Sardor ya tono tana, ya bi yayarsa da ita a guje, suka tattake albasar uwarsu, suka dawo jage-jage da taɓo. Kafin azahar dai kurangar ta fito, baƙa, a jiƙe.

Hosiyat ta ɗago ta gan ni.

"Malam Tursun, leƙe kawai ka iya? Kawo fartanya."

"Ba na shuka, kin sani."

"Na sani. Tun da matarka Mukaddas ta rasu ka mai da gidanka maƙabartar littattafai. Da tana nan da ta fasa maka kai da ɗaya daga ciki."

"Mai kauri za ta zaɓa."

"To je ka tsaya bakin kafar ruwa."

A gindin katangarmu akwai kafar da ruwan lambu ke bi daga gidansu zuwa nawa. Ta zaɓi reshe mafi tsawo, ta sa Mohira ta zura shi ta ciki. Sai ga kansa ya ɓullo a wajena, yatsun yarinyar na biye da shi.

"Binne tsakiyarsa, ka bar kan a waje," in ji Hosiyat ta bayan katanga. "Muddin yana manne da uwarsa zai sha daga jikinta har ya yi saiwar kansa. Daga nan Davron ya sare tawa, ya yi wa motarsa shimfiɗa."

"Masu siminti jibi za su zo. Yaushe zai yi saiwa?"

"Kai dai binne. Sauran nawa ne."

Na binne. Fartanyar Mukaddas ce, ta yi tsatsa.

Washegari da hantsi Hosiyat ta cika, a kan tabarma, kusa da ramin da yaran suka tona. Ba wanda ke kiran masu siminti gidan makoki. Davron ya zauna karɓar gaisuwa, ya ɗage aikin har bayan sadakar arba'in, sannan zafi ya shigo, ma'aikatan suka kama wani aikin. Na karanta littattafai da yawa a kan jarumai. Ban ga wanda ya zaɓi ranar mutuwarsa daidai haka ba.

Bayan watanni, ranar da Davron ya ɗauko gatari, ya leƙo ta katanga.

"Baba Tursun, akwai wani reshe da ya shiga wajenka. In zo in cire?"

"Taka gidana ka gani."

Ya sare daga nasa ɓangaren. Yanzu motarsa na tsaye a kan siminti mai sheƙi.

Da safen nan na fito da butar ruwa. Mohira na kwance rub da ciki a ɗaya gefen, idonta ɗaya a bakin kafar, tana kallon sabon ganyen da ya buɗe a wajena.