Kwandon Kaba a Ɗakin Jego

…to idan ta shigo ɗakin ta gan shi fa? Kwana da kwanaki abin nan yana cin raina. Ina daka, shi ne. Ina salla, Allah Ya yafe mini, ina tsakiyar Fatiha sai in ga kwando.

Ga su nan a gabana, a tsakar gidan Yakaka mai saƙar kaba. Manya, ƙanana, mai zurfi, mai faɗi kamar faifai. Tun hantsi nake tsugune, gwiwoyina har sun yi tsami. Na ce mata na zuba zannuwa nake nema.

"Ke Bafillatana, wane zane ne ake auna masa kwando da kamu? Ko nonon ne ya yi yawa, ƙwarya ta kasa?"

Na yi dariya. Wasan Barebari da Fulani ba a ƙin amsa shi. Dariyar dai iyakarta haƙora.

Yau kwalekwale zai kawo yarinyar tawa daga Guri. Ruwa ya shafe fadama, hanya ta nutse, shinkafa sai kanta ake hange. Cikin ya tsufa. Haihuwar fari kaɗai ake zuwa yi gida, amma mijinta ya ce ta sake komawa wurin uwarta, tunda na farin bai zauna ba. Bai zauna ba… haka muke cewa. Kamar baƙon da ya leƙo zaure ya juya.

'Yar fari ce a wurina. Ramatu, in ji mutane. Ni bakina bai taɓa kiran sunan ba, sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Haka muka tarar: ba a zama hira da ɗan fari, ba a kallonsa cikin ido. To ta ina zan zaunar da ita in ce mata — in ce mata me?

Bara waccan. Da rana tsaka ma. Na yi mata wankan jego da ganyen runhu, ruwa yana tururi, ta sha kunun kanwa, ta hau gadon ƙasa, garwashi a ƙarƙashi. Wa za a yi wa haka bai yi barci ba? Ita kuwa tun tana ƙarama ko ganga ake kaɗawa a kanta ba ta motsi. Yaron a jikinta, yana shan mama. Gida cike da mata, ana surfen geron suna, ana shewa — sai shiru daga ɗaki. Wani irin shiru.

Ba ta yi kuka ba. Ɗan fari ne, ba a yi masa kuka a gaban mutane. Ta dai zauna, hannuwa a buɗe a kan cinya. Wata ta ce kwana ne ya ƙare. Wata ta ce iskar bakin kogi. Kowacce ta ga inda yake kwance, kowacce ta ga shatin zane a kumatunsa, ba wadda ta ambace shi. Ni ma ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Jarirai suna tafiya haka kawai, nawa biyu sun tafi ina riƙe da su, idona biyu. Amma shatin nan…

Sau ɗaya ta tambaye ni. Ranar komawa, tana ɗaure kaya, ta ba ni baya. "Inna, ni ce?" Na ce a'a. Na ce kada ta ƙara faɗa, saɓo ne. Ba mu taɓa yin magana mai tsawon wannan ba, ni da ita. Da a'ar nan ta soma cin tuwo, da ita ta yi kitso, da ita ta koma ɗakin miji.

Shu'ibu ne ya zo da zancen, ƙanena da ke aiki a asibitin En'e. Wai Baturiyar da ke zuwa duba masu ciki ta ce jariri ya kwanta a nasa wurin, kusa da uwa amma ba a jikinta ba. Ya sa kafinta ya buga wani ɗan gado, ya kawo yana murna. Ina ganinsa — dogo, siriri, katako a jere — na ce maza fitar mini da shi. Makara za ka shigar ɗakin mai ciki? Wai, "Yaya, ai haka na Turawa yake." Su ko ba su san makara ba ne… oho musu.

Zagayayye kuwa bai yi kama da abin tafiya ba. Da kayan ɗaki ya yi kama. Da sheƙa. Masaki na fara tunani, amma gindin masaki ba ya zama, motsi kaɗan ya kife. Kaba dai. Wannan — a'a, bakinsa da kaushi, zai karce shi. Wancan ya cika zurfi, ba za ta hango shi daga kan gado ba. Na gefen nan fa? In aka ninka tsohon zane aka shimfiɗa…

Na zura hannu a ciki. Daga gwiwar hannu zuwa yatsa, da ɗan saura. Daidai. Daidai da wa? Mai zuwa ban gan shi ba. Da wancan nake awo. Ni na miƙa shi ga maza a bakin zaure, hannuna bai manta tsawonsa ba. Astagfirullahi. Ga shi ba a ma yi wa ciki tanadi, ko tsumma ba a yaga sai an ga mai shi. Malam, maigidana, in ya ji, cewa zai yi na shiga gaban Allah.

Sai in zuba zannuwa a ciki in ajiye a lungu. In ta haihu, wata rana in ce kawo shi nan ki huta, kamar ba da nufi ba. Kamar ba — ai ba wawiya ba ce. Duk unguwar nan wace mai jego aka taɓa raba da ɗanta aka sa a kwando? 'Yan barka za su shigo: "Hajo, ƙwai aka saka muku ne?" A yi dariya. Sai kuma ɗaya ta tuna, ta tsuke baki, sauran su bi. Yarinyar nan tana zaune a kan gado tana jin shirun nan karo na biyu.

Ko in bar kwandon in zama ni ce mai gadi. Ni? Ruwan wanka safe da yamma har arba'in, itace duk a jiƙe, ga daka, ga ɗebo ruwa. Ina kaɗi mazari yake suɓuce mini, in farka in gan shi a ƙasa. Jiya a kan abin salla barci ya sace ni, ban san raka'a nawa na yi ba. Idona ba na amana ba ne yanzu. Na gaji. Tun ba a haihu ba na gaji.

Yakaka ta turo mini na gefen. Ta daina wasan.

"Wannan ɗauki. Na bi bakinsa da hannu, babu tsinke ko ɗaya. Allah Ya raba lafiya, Hajo."

Amin. Ta sani ke nan. Ashe kowa…

To a ce na ɗauka. A ce ta haihu, na sa shi a ciki, ya yi suna, ya yi arba'in, ya yi ƙiba, ya fi ƙarfin kwandon. Abin da nake roƙo ke nan dare da rana. Amma duk safiyar da ta leƙa ta gan shi yana wutsil-wutsil da ƙafa, me za ta karanta a ciki? Da an yi wa wancan haka, da yanzu yana gudu a tsakar gida. Kwandon ne zai ba ta amsar da na hana ta, kullum, ba sau ɗaya ba, kuma rayuwar ɗanta ce shaida. In samu jika, in karya uwarsa. In kuwa na bar shi a nan don in tsare mata zuciya, ta hau gadon nan mai ɗumi, barci ya…

Hannuna yana kan bakinsa. Ban ɗaga ba, ban saki ba. Ƙafata ta mutu, ko tashi ma sai an kama ni.

Ku da kuka haifa, ku da kuka yi wa 'ya'yanku jego, don Allah ku gaya mini. In ɗauka, ko in bari?