Hular Soja a Gaban Gilashi

Motar ta iso ƙofar gidan surukata ranar Lahadi da hantsi. Ja ce, an wanke ta har tana ɗaukar ido, an kuma ajiye hular soja a gaban gilashi inda kowa zai gani. Yaya Ma'aruf ne ya fara fitowa daga cikinta yana murmushin wanda ya gama ciniki tun a hanya. Shi ne wan maigidana, ɗan canji ne a bakin iyaka, kuma a ganinsa duk wanda ya iya bambance sefa ta gaske da ta jabu ya san komai a duniya, har da injin mota.

Maigidana, Sajan Attahiru, watansa biyar ke nan a kwance a asibitin sojoji a Kaduna. Motarsu ce ta taka nakiya a dajin Borno, aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Abin da aka ba shi da abin da muka tara a shekara goma sha shida na aure, duka ya ce a zuba su a mota guda mai giya otomatik, wadda ƙafar dama kaɗai ke tuƙawa, ya riƙa ɗaukar fasinja daga Illela zuwa Sakkwato idan an sallame shi. Bayan wannan ba mu da komai. Kuɗin kuwa a hannuna ya bar su, abin da ya tsaya wa Yaya Ma'aruf a wuya tun ranar farko.

Direban ya fito cikin kaki tsaf, takalma na ƙyalli. Ya rusuna ya gaida Inna, surukata, ya kira ta uwar sojoji.

"Raliya, ga Sitaf Abu," in ji Yaya Ma'aruf. "An yi mai canjin wurin aiki zuwa Maiduguri, jibi za shi. Da yaj ji labarin Sajan, sai yac ce aradu ba shi saida ma kowa wagga mota sai ɗan'uwa nai soja. Kin ko ji yadda yar rage?"

Ya faɗi farashin. Inna ta ɗaga hannu sama tana sa albarka, idonta ya cika da hawaye. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Na yi mako shida ina yawon duba motoci, ban taɓa jin irin wannan araha ba ko a mafarki.

Mu iyalan soja muna da wani rauni da ba ma son faɗa. Kaki yana buɗe mana ƙofa har mun manta ana ƙwanƙwasawa. Ka sa hula a gaban gilashi, duk shingen da ka iso a ɗaga maka hannu, sai ka ɗauka takarda ta farar hula ce. Kuma duk wanda ya shigo mana da kaki ya zama na gida nan take, tambayarsa ma abin kunya ne. Sa'adda muke zaune a bariki, mijin maƙwabciyata Maman Usama haka ya sayi mota daga hannun wani mai kaki. Wata takwas yana hura hanci a cikinta, ran da aka tsayar da shi a hanyar Funtuwa aka tarar ba a biya mata kuɗin kwastan ba, takardun ma na jabu ne. Mota ta tafi, igiya guda ta muƙaminsa ta bi ta daga kafaɗarsa. Ni na zauna da matarsa tana kuka.

Na gyara hijabina na ce, "Sannu da zuwa, Sitaf. Ko zan ga takardun kwastan?"

Ya yi dariya. "Haba Madam, motar soja? Wa zai tsayar da Sajan da wannan ƙafar tasa?"

Raina ya ɓaci, amma na danne. Wato ƙafar mijina ce za ta zama takardar mota. Na sake tambaya, ya ciro wasu takardu a cikin leda ya miƙo mini da hannu biyu. Na ce to, siginar canjin wurin aikin fa, takardar da ake aiko wa soja a ce masa ya tashi?

"Wannan sirrin aiki ne, Madam."

Sirrin aiki! Takardar da ake liƙawa a allon ofis, wadda matan bariki ke sanin abin da ke cikinta kafin mazajensu su dawo daga fareti. Sau biyar ina ɗaure kayana saboda ita.

"Ke Raliya, mi kika nuhi?" Yaya Ma'aruf ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Mutum ya taho da kaki nai, yana yi muna alheri, kina tuhuma tai awa ɓarawo? Kunyata mu za ki yi?"

Na zagaya gaban motar, na kawar da idona daga hular, na sunkuya kan kusurwar gilashi inda lambar jikin mota take. Wani makanike a Sakkwato ne ya koya mini cewa lambar nan dole ta zama ita ce a takardar kwastan, harafi da harafi. Rana na dukan bayana, masu wucewa zuwa kasuwa suka fara rage tafiya suna kallon matar da ke leƙen mota kamar mai neman allura. Na bi lambobin da yatsa. Na farko sun yi daidai. Huɗun ƙarshe ba su ko yi kama ba.

"Kuskuren mai buga takarda ne," in ji Sitaf Abu, tun ban buɗe baki ba.

"To ai da sauƙi," na ce, ina ɗaukar hoton takardar da wayata. "Ga ofishin kwastan can bakin iyaka, ko minti goma ba a yi. Mu je su duba. In sunka ce daidai ne, nan take in biya ka."

Sai ga shi ya tuna akwai wani alhaji a Gwadabawa da ke jiran motar da kuɗi a hannu. Yaya Ma'aruf ya ga abu na shirin kuɓucewa, ya ciro waya ya kira Kaduna, ya buɗe murya kowa na ji. Ashe tun jiya ya tura wa ƙanensa hoton motar.

"Raliya," muryar maigidana ta fito a gajiye, amma da daɗi a cikinta wanda na daɗe ban ji ba. "Na ga mota, ta yi min. Soja na, ba shi cutar mu. Ki ba shi."

A shekara goma sha shida ban taɓa ce masa a'a a gaban mutane ba, balle a gaban mahaifiyarsa. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji haushin duk waɗanda suka kai ni wannan wuri.

"Baban Na'ima, ka yi haƙuri. Ba ni ba shi sai kwastan sun duba."

Sai maigidana ya kashe wayar. Inna ta juya ta shige gida ba ta dube ni ba.

Sitaf Abu ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ke nan, tunda Madam ta nace, zai yi gaba mu same shi a can. Yaya Ma'aruf ya tafi a kan babur ɗinsa, ni na tari wani. Muka zauna a benci a gaban ofishin har aka kira azahar. Muka yi salla muka dawo. Yaya ya kira lambar mutumin sau nawa ban sani ba, tana kashe. Daga ƙarshe na shiga ni kaɗai na nuna wa wani jami'i mai furfura hoton takardar. Ya danna na'urarsa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Hajiya, wannan takardar tifar yashi aka yi wa, shekara huɗu da suka wuce. Kin biya?"

Na ce ban biya ba.

Da na gaya wa Yaya Ma'aruf, sai ya cire hula ya share gumi ya mayar, ya ce shi fa tun farko takalman mutumin ba su kwanta masa ba. Na bar shi da wannan, don ba shi ne a gabana ba.

Na koma gefen wata rumfar mai shayi na kira Kaduna. Sai a kira na uku ya ɗauka. Na faɗa masa komai, ban ƙara ba ban rage ba. Ina jin ƙarar fanka a ɗakinsu.

"Na gwada ma duk 'yan ɗakinmu hoton," ya ce a hankali. "Jiya har na kwana ina tuƙa ta, Raliya. Na kai Kware na dawo."

Mutumin da aka yanke wa ƙafa bai bari na ga hawayensa ba, yau ga shi yana kuka a kan motar da ba tasa ba. Ni ma na yi, ban damu da mai shayi ba. Da na gama na share fuskata da bakin hijabi.

"Za ka tuƙa mota, Baban Na'ima, in Allah ya yarda. Gobe da sahe ina Sakkwato, in ba a samu ba in koma jibi. Ƙahwa guda anka amshe muna, ba ni tsayawa ina kallo a amshe sauran."