Tasallah Tana Hanya

Ni Jumare, da ƙafata na zo Madina tun ina yaro, daga Haɗejiya. Ban taɓa zama a aji ba, amma bana ni ne littafin 'yan jami'a. A tambayi kowa a unguwarmu, Harra ta Gabas.

Surukina Malam Shittu ke koya wa 'yan shekarar farko insha'i. Ya ce ya gaji da yau rubutu kan kasuwa, gobe kan damina. Jigo ɗaya zai ba su har ƙarshen zango: hanya. Wannan mako su siffanta ta, na gaba su ba da labarinta, daga baya su yi muhawara a kanta. Sai ya riƙa kwaso mini su bayan la'asar.

Na kuwa ba su! Zazzaɓin da ya kwashe ƙarti a Cadi ya bar ni tsaye, ƙishirwa, jirgin ruwan Suwakin. Har da yayata Tasallah, wadda ciwon ƙafa ya sa muka bar ta wajen masu gonar auduga a Sudan, kan za ta biyo ayari na gaba.

Ranar da suka zo karanta mini abin da suka rubuta, wani ɗalibi mai ladabi, Ammar, ya fara. Ya zo kan sunanta, ya ce, "Tasallah, Allah ya ji ƙanta."

"Kai! Wa ya gaya maka ta mutu?"

"Baba, ai na duba shekarun ne..."

"Ka ga gawa? A gidanmu ba a taɓa yi mata wannan addu'ar ba. Uwarmu har ta bar duniya 'tana hanya' take cewa."

Shittu ya bi sauran takardun ɗaya bayan ɗaya. Dukansu sun sa addu'ar.

Ya ce, "Yi haƙuri, Baba, ladabi ne. Za su goge."

"Yalla, maza, a gabana."

Suka goge.

Washegari na tafi Harami kamar kullum, na zauna a haraba inda tsofaffin matan Sudan ke wucewa, ina duban masu ɗingishi. Aka idar da azahar, aka kira sallar gawa, na shiga sahu. A kabbara ta uku, inda ake yi wa mamaci addu'a, ni da bakina bai taɓa rawa gaban askarawa ba, sai na ji sunanta ya taso mini har haƙora.

Na datse su. Har liman ya yi sallama ban buɗe ba.